Falmaran ɗin Yaya, Saura Kafaɗa Ɗaya

Ku matso kusa, ku da kuka ci tuwo a hannunta, da ku da za ku zo duniya ba ku tarar da ita ba. Wannan ba tatsuniya ba ce, ko da yake bakina ya saba da tatsuniya. Ni ban shiga aji ba. Surukata, matar ɗana na biyu, malamar firamare, ita ce ke riƙe da biro. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki, har wurin da ita kanta ta shigo cikin labarin.

Yayar mijina ta tafi gida ranar wata Litinin da hantsi, a ɗakinta, a nan Kafanchan, bayan shekara biyu ƙafafu sun ƙi ɗaukarta. Ni Yaya nake ce mata, kamar yadda ƙanenta yake ce mata. Ita kuwa tun ranar da aka kawo ni gidansu ba ta taɓa kiran sunana ba. Matata take ce mini. "Matata, kawo ruwa." "Matata, wa ya koya miki wannan miya, in je in yi masa gaisuwar rashin lafiya?"

Kafin rana ta kai tsaka gidan ya cika. Matan zumunta na cocinmu suka fara shigowa, wata da itace a ka, wata da kwanon acca, wata da hannu kawai da bakin waƙa. Maman zumunta ta tsaya a ƙofar ɗaki, ta dubi gadon da aka riga aka kwashe, ta ce, "Ta huta. Mun gode wa Ubangiji, ta huta." Ba wanda ya ji kunyar cewa amin, gama duk mun ga yadda ake juya ta, mun ji yadda take cije baki don kada a ji ta. Aka yi kuka, amma kukan ba mai tsaga ƙirji ba ne. Irin kukan da mutum yake yi in ya sauke kaya bayan doguwar tafiya, wuyansa na ciwo.

Wani tsoho ya zo daga Kagoma a bayan babur, da hular saƙa a kansa cikin wannan zafi. Ya cire ta ya nuna wa mutane, ya ce ita ta saƙa masa shekarar da ya yi ciwon kunne. Sai wata ta ce safar jaririnta ma. Wata ta ce rigar sanyin mijinta, da ya yi gadi da ita har ya yi ritaya. Aka bar gaisuwa aka koma lissafin wa ke da me. Ashe rabin unguwar nan zaren Yaya ne ya rufe musu jiki.

Ana cikin haka autarta, wadda ke aiki a Abuja, ta iso. Ta yi kukanta, ta share ido, ta kama gyaran ɗaki irin na wanda bai iya zama haka nan ba. Na hango ta ta ɗauki gwangwani biyu daga gefen gado za ta watsa wa kaji abin da ke ciki.

Na ce, "Ke! Ajiye!"

Ta ce, "Mama, masara ce fa, ƙwaya takwas."

Na ce, "Nawa ne a na dama?"

Ta leƙa. "Biyar."

Na ce, "To ki mayar yadda kika same su. Uwarki ce ke faɗa mini inda ta tsaya."

Bari in gaya muku yadda abin yake. Yaya ta koyi saƙa a wurin matan mishan tun tana yarinya, ta kuma iya karatu, amma ba ta taɓa duba takarda don saƙa ba. Kibiyoyin saƙarta wayar tayar keke ne, mijinta ma'aikacin reluwe ya wasa mata bakinsu a dutse. 'Ya'ya sun sayo mata na kanti, masu kyau, ta sa su tana sosa baya da su. Saƙar da ta fi so ita ce mai huji-huji irin ta leshi, wadda ake haɗe ido biyu, a zagaya zare, a bar ƙofa da gangan, har ganye ya fito. Kowane ganye layi takwas ne. In ta gama layi sai ta ɗauki ƙwayar masara daga gwangwanin hagu ta jefa a na dama. In takwas sun ƙaura, ganye ya cika, sai su komo. Haka ta koya mini, ni da ban san baƙi ba. Biyar a dama, ke nan layi na shida zan kama.

Abin da ke cikin kwandon kuwa falmaran ne, 'yar riga marar hannu, wadda take saƙa wa kanta tun da ta kwanta. Baya ya ƙare. Gaban dama ya ƙare. Gaban hagu ya hau har ƙirji ya tsaya, saura kafaɗa da bakin wuya. Zaren da ya rage a jiki bai fi kamu uku ba.

Wata biyu kafin ta tafi ta kira ni, ta sa na rufe ƙofa. Ta ce, "Matata, da wannan za a binne ni, a kan rigar zumunta. In na tafi ban gama ba, ke za ki gama."

Na ce, "Yaya, ni da kike cewa hannuna kamar na mai ɗaure akuya?"

Ta ce, "Har yanzu haka yake. Amma sauran ba su iya ko ɗaure akuyar ba. Ki ce kin yarda."

Na ce na yarda.

Ta ce, "Kada kuma ki sa mini roba."

Wannan maganar roba tsohuwar magana ce. Yaya ba ta sayen zare da ido. In ta je kasuwa, da ashana take tafiya a bakin zane. Ta tsinki ɗan guntu ta ƙyasta. In ya ci wuta ya bar toka mai laushi, yana warin ciyawa, auduga ce. In ya yi warin gashin akuya da aka babbake, ulu ne na gaskiya. In kuwa ya narke ya dunƙule ya zama baƙin ƙwallo mai tauri, sai ta miƙa wa mai shago ta ce, "Ɗana, ga bokitinka." Masu shago suna ganinta suke ɓoye na roba a ƙasan tebur. Ba ta hana kowa saƙa da shi ba, ita ma ta yi wa 'yan makaranta rigunan sanyi da shi, don yana jure wanki. Amma ga jariri da ga gawa, a'a. Ta ce shekara arba'in tana noman citta, fartanyarta tana tono leda da tsumman roba da aka binne tun kafin a haifi autarta, suna nan yadda suke. Ta ce, "Ni zan koma ƙasa, rigata ta zauna a rami tana jiran wa?"

Aka kai ta mutuware, ɗakin ajiye gawa, aka sa ranar jana'iza Asabar ta biyu, don dangi na nesa su samu zuwa. Babban ɗanta da ke Kaduna ya zo da farin leshi a cikin leda, mai tsada, mai duwatsu. Na kai shi gefe na nuna masa kwandon.

Ya juya rigar a hannunsa, ya daɗe. Mutumin kirki ne, kada wani ya ji wannan ya zarge shi. Ya ce, "Mama, ba raina aikin na yi ba. Amma za a buɗe akwati a coci. Mutanen ofishinmu za su zo. In suka ga uwata da riga mai kafaɗa ɗaya, me za a ce da ni?"

Na ce, "Ba za su gan ta da kafaɗa ɗaya ba."

Ya ce, "To, Juma'a da safe za a je a shirya ta. In ta kammalu, kuma ba a ga faci ba, a sa mata. In ba haka ba, Mama, ki yi haƙuri, leshi ne."

Na ce na ji. Na koma gida ina tuna cewa alkawarin da aka yi wa mai rai ana iya komawa a roƙi afuwa, wanda aka yi wa wanda ya tafi kuwa babu ƙofar da za a buga.

Washegari na ɗaura ashana a bakin zane na shiga kasuwa. Shago uku na shiga. Na farko ya narke. Na biyu ya narke. Mai shago na uku yana ganin ashana ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Mama, ashe tsohuwar ta bar magaji!" Da na gaya masa ta rasu sai dariyar ta tsaya, ya shiga ciki ya tono mini wani ƙullin auduga, ya ƙi karɓar ko sisi. Auta ma ta sa aka aiko mata da wani daga Abuja a mota, mai santsi kamar gashin jariri, da rubutun Turanci a jiki. Na ƙyasta masa ashana a gabanta. Ya dunƙule.

Ta ce, "Mama, kin san daga ƙasar da aka kawo wannan?"

Na ce, "Ko daga ina ne, 'yata, can ma suna da bokiti."

Saura na mai shago. Auduga ce tsantsa, kaurinta ya yi daidai, amma fara ce fat kamar gishiri. Zaren Yaya kuwa ba fari ba ne. Launinsa kamar acca da aka wanke ta bushe. Na ɗora su gefe da gefe a rana, sai ka ce haƙorin yaro kusa da na tsoho. Maman zumunta ta ce a tsoma shi a ruwan ganyen shayi. Muka tsoma. Ya fito kamar an wanke ƙafa da shi. Muka rage shayin, ya fito kamar an wanke ƙafa ɗaya. Matan da ke tankaɗe a tsakar gida suka yi ta dariya, ni ma na yi, amma kwana huɗu sun tafi ban saƙa ido ko ɗaya ba.

Ran Asabar da hantsi na zauna a gindin mangwaro da kwandon a cinya, ina murza ɗan guntun da ya rage. Sai yatsana ya ji abin da idona bai gani ba. Zaren ba miƙaƙƙe ba ne sarai. Yana da 'yar lanƙwasa, ƙanana, a jere. Sabon zare ba ya haka. Zaren da ya taɓa zama a cikin saƙa shekaru da yawa, ko an jiƙa shi an rataye, ba ya manta siffar da ya zauna. Ashe ba saya ta yi ba. Warware wani abu ta yi.

Na tashi na je na ce wa auta ta buɗe mini akwatin ƙarfe na uwarta. Muka ɗaga zannuwa, muka ɗaga littafin waƙoƙi, muka kai ƙasa. A can ƙasan akwai wata tsohuwar jakar matashi da na sani. Na sa hannu. Babu komai a ciki sai ɗan jan zare guda, tsawon yatsa.

Nan na zauna a ƙasa.

Sai na koma da ku baya, don ku gane. Shekarar da na yi cikin fari, Yaya ma tana da cikin fari. Mijinta ya sayo mata zaren auduga daga Legas a jirgin ƙasa, babban ƙunshi. Ta raba biyu, ta saƙa shawul na naɗe jariri guda biyu iri ɗaya, na jaririnta da na nawa. Ita ta riga ni haihuwa, namiji. Aka miƙa shi ga Ubangiji a coci cikin shawul ɗinsa. Wata biyar ƙyanda ta shigo gari ta ɗauke shi. Ni kuma ga ɗana a hannu, lafiyayye, ranar miƙa shi ta zo.

Na yi tunani irin nawa. Na ce in na fito da shawul irin na ɗanta a gaban jama'a, ai na soka mata wuƙa. Sai na ɓoye shi a ƙarƙashin katifa, na naɗe yaron da sabon zane. Muna tsaye a layi a gaban fasto, sai na ji an kama gwiwar hannuna ta baya. Yaya ce, idonta a bushe.

Ta ce, "Ina shawul?"

Na ce, "Yaya, na ga kamar..."

Ta ce, "Kin ga kamar me? Na yi wata biyu ina saƙa don katifa ta ji ɗumi?"

Ta juya ta fita daga coci. Fasto ya tsaya, mai ganga ya tsaya. Ta je har gidanmu a ƙafa, ta ɗaga katifar, ta dawo, ta kwance zanen a gaban kowa ta naɗe yaron da hannunta. Sannan ta koma kujerarta. Daga ranar ba ta yi mini magana ba har aka cire citta. In na gaishe ta sai ta amsa wa bango. Da ta huce, abin da ta ce kawai shi ne, "Matata, kada ki ƙara yi mini makoki a ɓoye. Nawa ne." Nata shawul ɗin ta sa a jakar matashi ta kulle. Nawa kuwa, 'ya'yana shida da jikoki goma sha ɗaya duk a ciki aka miƙa su, kowane kuma ita ce ta naɗe shi.

Ashe da ta ga tafiya ta matso, shawul ɗin ɗanta ta warware, tana so ta tafi da shi a jikinta. Ba ta gaya wa kowa ba. Shekaru sun ci wani wuri, asu ya ci wani, shi ya sa zaren bai kai ba. Irin wannan zare kuwa, mai wannan launi da wannan tsufa, saura wuri ɗaya a duniya.

Yana cikin akwatin surukata, a wanke, a ninke, gama saura mako biyu a miƙa 'yarta.

Na je na same ta tana ba yarinyar nono. Na gaya mata duka. Sannan ta ce, ga ta nan tana rubutawa, in ƙarya na yi ta ajiye biro, ta ce, "Mama, shawul ɗin da aka miƙa mijina a ciki? Duk jikokinki sun shiga, sai a kan tawa za a warware?"

Na ce, "Bakinsa kawai nake so."

Ta ce, "In kika ja zare ɗaya ya zube gaba ɗaya fa? Abin ya girmi mijina. Wa zai mayar? Mai mayarwar tana mutuware."

Ni ma abin da nake tsoro ke nan. Ta shiga ɗaki, na ɗauka magana ta ƙare. Sai ga ta da shi a hannu. Ta ce, "Mu duba tukuna. Ban ce na yarda ba."

Muka shimfiɗa shi a tabarma a rana. Nan wata ɗabi'ar Yaya ta cece mu. Ba ta taɓa ƙulle ƙarshen saƙa ƙulli na mutuwa ba. Takan saƙa jiki ta rufe shi, sannan ta ɗora baki daban, ta cusa wutsiyar zaren a ciki, ta ɗaura ɗan jan zare a wurin don a gane. Takan ce yaro yana girma, mai riga yana mutuwa, zare kuwa yana da sauran aiki, don me za a kulle masa hanya. Muka bi baki da yatsa, kusurwa ta farko, ta biyu. A ta uku, ga ɗan jan zaren, ya koɗe ya zama kamar ƙasa, yana nan tun kafin a haifi mai wannan rubutu.

Surukata ta dube shi, ta dube ni. Ta ce, "Ni zan ja."

Ta ja. Bakin ya fara sakin kansa ido bayan ido, yana 'yar ƙara kamar kaza na tsattsagar tsaba. Muka zagaye shawul sau ɗaya, sau biyu, har faɗin tafin hannu ya tafi. Da muka iso jiki, zaren ya tsaya cak, ya ƙare a hannunta. Jikin bai motsa ba. Ta saki numfashi ta ce, "Yesu na gode."

Na naɗe zaren a ƙafafun kujera, na tsoma a ruwan ɗumi, na rataye a inuwa da dutse a ƙasa, yadda take yi. Lahadi ya bushe. Na kai shi kusa da rigar. Auta ta juya su a rana, ta ce, "Wanne ne wanne?"

Litinin na kama layi na shida. Idona ba ya aiki sai da rana, saboda haka daga hantsi zuwa la'asar nake yi, a gindin mangwaro, masu gaisuwa suna wucewa ta gabana. Ƙwaya ta ƙaura, ƙwaya ta komo. Sau uku na warware, don ganyena yana fitowa a tsuke kamar wanda fari ya kama. Kowane lokaci ina jin ta a kunnena: "Sassauta, matata. Zaren ba akuya ba ne, ba zai gudu ba." Alhamis da yamma na rufe bakin wuya. Na cusa wutsiya. Ban ɗaura jan zare ba, gama wannan ba mai warware ta sai ƙasa.

Juma'a da safe babban ɗan ya karɓa, ya ɗaga ta sama, haske yana shiga ta hujojin. Ya duba dama, ya duba hagu. Ya ce, "Mama, ina wurin da kika fara?" Na ce ya nema. Bai samu ba. Ya ninke leshinsa ya miƙa wa ƙanwarsa, ya juya mana baya ya daɗe yana gyaran tabarau.

Ni na sa mata ita da hannuna, a kan rigar zumunta. Ni kaɗai na ga cewa kafaɗar hagu ta ɗan fi ta dama tsukewa, ta ɗaga kaɗan, kamar mai shirin cewa wani abu. Na sunkuya na ce mata a kunne, "Yaya, na sani. Ki bari sai na zo."

Da aka buɗe akwati a coci, matan zumunta suka wuce ɗaya bayan ɗaya, kowace sai ta ɗan tsaya a kan rigar. Maman zumunta ta matse hannuna. Da aka zuba ƙasa na koma gida na ci tuwo har na nemi ƙari, abin da ban yi ba kwana goma sha biyu.

Bayan mako guda, ran Lahadi, aka miƙa jikata. Ni na naɗe ta, tunda mai naɗewar ba ta nan. Yarinyar doguwa ce irin dangin ubanta, shawul kuma ya ragu. Na rufe kai, ƙafa ta fito. Na rufe ƙafa, kai ya fito. Muna tsaye a gaban fasto ƙafafunta biyu suna waje suna harbin iska. Wata daga baya ta ce, "Kaka, an yi wa yarinya rowar zane!" Coci ya ɗauki dariya.

Uwarta ba ta ja zane ta rufe ba. Ta kama 'yan ƙafafun a tafin hannunta, ta juya ta ce, "Ba rowa ba ce. Sauran yana wurin ɗaya kakar tata, ta tafi da shi."

Iyakar abin da na ce a rubuta ke nan. Gwangwanayen suna ɗakina, ƙwaya takwas duk a hagu. Wadda take so ta koya, ta zo da hantsi, ta zo da ashana.